Baba Garba da Injinsa na Saƙa

Ban taɓa mantawa da ranar da Baba Garba ya shigo shagon nan yana laluben bakin ƙofa da sanda ba, kuma ba na jin zan manta har in koma ga Allah. Tunda ruwa ya hana kowa fita, wuta ma sun ɗauke, ku jawo kujeru in ba ku labarin. Kun daɗe kuna yi min tsiya kan yawon da nake yi ran Lahadi, wai Hamisu ya bar amare da jarirai ya koma ɗaukar kango, yau tsohon gidan yankan katako, gobe tsohon ɗakin da ake kwantar da masu taɓin hankali. Har ke Nafisa kika ce in ban yi hankali ba wata rana za a riƙe ni a can. Na ji, na gode. To daga wannan dattijo abin ya samo asali.

Lokacin rikicin da ya tarwatsa unguwa ya fara lafawa, mutane sun soma dawowa kasuwa, amma kowa da ɗar-ɗar. Shagon yana nan inda yake, bayan layin masu yadi a Kasuwar Kilomita Biyar, sai dai bai kai rabin wannan ba. Daga ni sai mai shi, marigayi Alhaji Abakar, wanda kowa ke kira Patron. Ku ba ku riske shi ba. Shi ya koya min riƙe kyamara, shi ya yi min waliyyi da na tashi aure, don haka duk abin da za ku ji na faɗa a kansa, ku sani ina faɗa ne ina nema masa rahama.

Ga yadda aikin yake a lokacin. Ni ne mai ɗaukar waje: biki, suna, saukar karatu, buɗe shago, duk ni ake turawa. In na dawo sai in zare katin kyamara in miƙa wa Patron, aikina ya ƙare ke nan. Shi ne mai zaɓe, shi ne mai gyara a kwamfuta, shi ne mai wanki. Kuma yana da dokoki da ba a taɓa su. Ta farko, hoto ba ya fita daga shagonsa sai an gyara shi. Mai ƙuraje a share masa, mai giɓi a cike masa, wanda aka ɗauka jikin bangon laka a cire bangon a sa masa lambu ko falo mai labule. Ta biyu, ɗanyen hoto, wato wanda ba a gyara ba, ba ya kwana a shago. Da ya gama gyara sai ya goge na asali a kwamfuta, ya share katin tas. Yana da dalilinsa. An taɓa fitar da ɗanyen hoton wata amarya daga wani shago a layin nan, ya yi ta yawo a wayoyi, rigimar ta kai har gaban limamai. Tun daga nan Patron ya ce sirrin mutane ba zai kwana a hannunsa ba. Saboda wannan ne ma manyan gidaje suka fi yarda da mu.

Da hantsi Baba Garba ya shigo. Dogo ne, siriri, yanar tsufa ta rufe masa ido har ba ya ganin komai sai haske da inuwa. Na tare shi na zaunar, muka gaisa. Na ɗauka hoton takarda yake so, har na fara jawo farin ƙyalle.

Ya ce, "A'a ɗana, ba a nan ba. Fita za mu yi. Ka san tsohuwar masaƙa?"

Na ce na san ta daga nesa, kangon da jemagu suka gaje.

Ya ce, "To a wannan kangon na ci ƙuruciyata. Can za ka ɗauke ni."

Sai ya ba ni labari a taƙaice. A garin nan aka haife shi, mahaifinsa fatauci ya kawo shi daga arewa, mahaifiyarsa 'yar ƙasa ce. Tun yana saurayi ya shiga masaƙa, bai fito ba sai da aka rufe ta. Gidansa na unguwar Kokoro ya ƙone a rikici, da katin aikinsa da hotunansa da komai. 'Ya'yansa suka tsallaka Kamaru, babbarsu Hajara ta zauna a Garwa-Bulai, can take rainon jikokinsa. Shi ya ƙi tafiya.

Ya ce, "Kwanan baya jikana ya tambayi uwarsa wai su 'yan ina ne. A can ana ce musu baƙi, a nan ma an ce mana baƙi. Ina so yaron nan ya ga kakansa tsaye jikin injinsa. Zanen da matan garin nan suka ɗaura, Musulminsu da Kiristansu, ta hannun nan ya bi. Ba ni da wata shaida sai ƙarfen nan, shi kuma an sayar da shi."

Ashe mai gadin wurin, wani tsohon abokin aikinsa da ake kira Papa Jozef, shi ya aiko masa cewa masu sayen tsofaffin ƙarafa sun gama ciniki, kowane lokaci za su iya zuwa da wutar yanka. In yana da abin da zai yi wa injinsa, ya hanzarta.

Patron yana jin mu daga bayan kwamfuta. Ya ɗago ya ce, "Hamisu, raka Baba. Dattijo ba ya roƙo sau biyu a shagona."

Washegari na same shi ya sha farar babbar riga da hula, har da turare. Ku da kuke hawa moto, babur ɗin hayan nan, ku zaga gari yanzu ba ruwanku, ba za ku gane ba. A lokacin, fita daga Kilomita Biyar da irin wannan shiga ta Musulmi sai mai ƙarfin hali. Na ce, "Baba, ko za ka sa hular a aljihu har mu wuce gadar bakin unguwa?" Ya ce da hula ya yi zirga-zirgar aikinsa a hanyar nan, ba yau zai fara ɓoye ta ba. Muka hau moto, ni dai ina ta addu'a a ciki. Allah ya kai mu lafiya.

Papa Jozef yana zaune bakin ƙofa da wata yagaggiyar singileti. Da ya hango mu ya miƙe, ya kira sunan Baba da ƙarfi, suka rungume juna suna ta Sango, yaren ƙasar, wannan ya tambayi wane, wancan ya ce ya rasu, a tambayi wane, a ce ya gudu. Rabonsu da juna tun kafin rikici. Ni na koma gefe ina goge gilashin kyamara da ba abin da ya same shi, don kada su ga idona.

Da muka shiga ciki, kai! Wari ya fara tarar mu, na kashin jemage da tsohon mai. Kwanon rufi ya yaye a wurare, ciyawa ta fasa siminti ta fito, ga injuna jere sun yi ja da tsatsa. Ina riƙe da hannun Baba ina ce masa a hankali, ga rami, ga ƙarfe. Sai kawai ya zare hannunsa. Mutumin da sai da na taimake shi ya sauka daga moto, shi ne ya shige gaba yana ratsa tsakanin injuna ba tuntuɓe, ya karya nan, ya karya can, ni mai ido ina bin sa a baya ina cin karo. Ya je ya tsaya gaban wani inji, ya ɗora tafinsa a kai, ya ce, "Assalamu alaikum." Wallahi sallama ya yi masa.

Ya daɗe yana shafawa. Ya nuna min inda zare ke shiga, inda ƙoshiya ke kai da kawo, inda yadi ke naɗuwa. Papa Jozef ya fara kwaikwayon ƙarar injin da baki, Baba ya karɓa, suka yi ta yi suna dariya kamar yara. Suka ce a da ƙarar ba ta barin ka ji maganar na kusa da kai, sai da leɓe da hannu ake hira, har gulmar shugaban sashe suke yi yana tsaye a gabansu bai sani ba. Sannan Baba ya ɗaga hannunsa na hagu, na ga yatsansa manuni guntu ne, babu rabinsa. Ya ce, "Ga rabonsa da ya ci. Ni ma na ci nawa a jikinsa, da shi na yi aure, da shi na gina gidan Kokoro. Ba mai bin wani bashi."

Ni kuma halin sana'a ya motsa. Na fara ture tarkace da ƙafa, ina neman inda bango ya fi tsabta, har na tuɓe rigata ta sama zan kakkaɓe injin. Baba ya ji motsina ya ce, "Me kake yi?" Na ce ina ɗan gyara wurin ne. Ya ce, "Bar shi yadda ka same shi. Tsatsar ma ka ɗauka. Yaron ya san an daɗe." Ya gyara tsayuwa, ya ɗora hannun nan mai guntun yatsa a kan ƙarfen, ya ce in tabbatar yatsan ya fito.

Haske na saukowa ta inda rufi ya yage, ya faɗo daidai kan farar rigarsa da hannun. Ban kunna fitila ba, ban ce ya yi murmushi ba. Na ɗauka. Na duba bayan kyamara, na sake dubawa. Na yi shekaru ina wannan aiki kafin ranar, na yi wasu bayanta, ban taɓa ɗaukar hoto kamar wannan ba, kuma ba yabon kai nake yi ba. Na ƙara wasu, har da wanda suka tsaya da Papa Jozef kafaɗa da kafaɗa. Da za mu tafi Papa Jozef ya riƙe hannuna yana ta singila, singila, wato godiya da Sango, wai kada in manta da nasa.

Da na dawo shago na miƙa wa Patron kati kamar kullum. Na ce, "Patron, wannan aikin daban ne. Baba ya ce kada a taɓa komai, yadda aka ɗauka haka yake so."

Ya ce, "Kowa haka yake cewa, Hamisu. Ka taɓa ganin wanda ya shigo ya ce a ƙara masa kyau? Kunya ce. In ya ga aikin sai ya fi kowa murna."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan da gaske yake. Injin yake so, da tsatsarsa."

Ya ce, "Na ji. Ɗauki ɗaya katin ka shirya, masu bikin garin Bimbo sun aiko, yau za a fara, kuma sun ce sai an kai amarya za su sake ka."

Da ya ce ya ji, na ɗauka ya ji. Na saɓa jaka na tafi Bimbo, na yi kwanakin bikin a can.

Ranar da na dawo na tarar da Patron cikin fara'a. Tun kafin in ajiye jaka ya ce, "Zo ka ga aikin Babanka. Na ɓata lokaci a kansa fiye da na kowace amarya." Ya juyo min da kwamfuta.

Ga Baba Garba nan da farar rigarsa, ta ƙara fari. A bayansa wani lambu ne mai jajayen furanni da ruwa na gangarowa daga dutse, irin wanda muke sa wa angwaye. Babu inji, babu rufi, babu hasken. Hannun da ya ɗora a kan ƙarfe yanzu yana kan wani farin ginshiƙi mai ado. Na matsa kusa na duba hannun. Yatsu biyar cif. Patron ya kwafo manunin dama ya dasa masa a hagu, ya daidaita har ba ka ganin mahaɗa. Idon ma ya share yanar, ya sa masa baƙi.

Na ce, "Ina na asali?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi ina ruwan jiya. Ya ce, "Ka san doka."

Na ce, "Katin fa?"

Ya ce ya share shi tun ranar, har ya yi hotunan takardu a kansa, ya cika, ya sake sharewa.

Ban taɓa ɗaga wa Patron murya ba sai ranar. Na ce, "Haba Patron! Haba! Na faɗa maka, da bakina na faɗa maka! Mutum ya sa ransa a hannu ya ƙetare gada don ƙarfen nan, ka cire ƙarfen ka sa masa fure? Fure ya ce maka ya rasa?" Masu yadi har sun fara leƙowa.

Bai yi fushi ba, abin da ya ƙara ƙona min rai ke nan. Ya ce, "Zauna, Hamisu. Ka duba da kyau. Dattijo mai mutunci, da rigar Juma'a, tsaye cikin kashin jemage, ga wani da yagaggiyar singileti a gefensa. Wa ke tsayawa a kango a garin nan in ba wanda hankalinsa ya taɓu ba? 'Yarsa tana gudun hijira, ba ta barci don tunaninsa, ka aika mata wannan? Cewa za ta yi ubanta ya rasa wurin kwana. Ni ba zan tozarta dattijo da hannuna ba. Yatsan kuma, Allah ya ba ni ikon mayar masa, in bar shi da nakasa?"

Da zuciya ɗaya yake magana. Ya ƙara da cewa shi da kansa ya kai wa Baba hoton gida, a cikin gilashi, kuma ya ba wani direban babbar mota ɗaya ya wuce da shi Garwa-Bulai. Na Papa Jozef kuwa bai ma wanke ba, wai ba shi da kyan gani.

Na ɗauki katin na ruga layin masu gyaran waya, wajen wani da aka ce yana dawo da abin da aka goge. Ya yi iya yinsa, abin da ya fito sai fuskokin masu hoton takarda. Na fito na nufi inda Baba yake zaune, a ɗakin da wani ɗan'uwansa ya ba shi kusa da masallaci.

Na same shi a ƙofar gida bayan la'asar, tsofaffi sun kewaye shi a tabarma, hoton yana kan cinyarsa. Yana bin gilashin da guntun yatsansa yana yi musu bayani. "Nan ne zare ke shiga," yatsan yana kan furanni. "Nan ƙoshiya take wucewa, in ka yi sakaci ta fasa maka goshi," yatsan yana kan ruwan dutse. "Kun ga tsatsa ko? Da ƙyalli yake yi." Tsofaffin nan kowa ya sunkuyar da kai, wani yana jan carbi, wani yana cewa ƙwarai, ƙwarai. Ashe tun da aka kawo hoton haka yake yi wa duk wanda ya zo, kuma an rasa mai ƙarfin halin faɗa masa.

Da ya ji sallamata ya washe baki. "Ga mai aikin nan! Zo ɗana, Allah ya yi maka albarka. Faɗa musu, yatsan ya fito?"

Ɗaya daga cikin tsofaffin ya ɗago ya girgiza min kai, wato in bar shi a haka. Na gane nufinsa, kuma ba mugunta ba ce. Amma ina tunanin injin, ko yana nan har yanzu, ko za mu iya cim masa. In na yi shiru, wannan damar ma ta tafi. Na durƙusa kusa da shi na ce, "Baba, ina neman gafara. Injin ba ya cikin hoton nan."

Ya ce, "Kamar yaya?"

Na faɗa masa komai, lambun, ginshiƙin, yatsan. Hannunsa na kan gilashin. Can ya ce, "Wato duk kwanakin nan fure nake nuna wa mutane." Ya kife hoton a tabarma a hankali, ya lalubo sandarsa ya ce, "Kira mana moto."

Tun daga bakin ƙofar masaƙa na san mun makara. Ga sawun manyan motoci a laka, ga ƙaurin ƙarfen da aka ƙona. Papa Jozef ya taso, ya kama hannun Baba ya shigar da shi. Ɗakin nan da muka bari cike da injuna ya zama fili, muryarka ma dawo maka take yi. Sun kwashe komai. Abin da ya rage sai guntayen ƙusoshi da suka leƙo daga siminti da baƙin tabon mai.

Wannan karon Baba bai zare hannunsa ba. Injunan ne suke nuna masa hanya, da babu su sai ya rasa gabas da yamma. Papa Jozef ne ya ja shi har wurin, ya ce masa nan ne. Baba ya miƙa hannu gabansa, daidai tsayin da ya saba, hannun ya wuce cikin iska. Ya sake miƙawa. Sannan ya sa sanda yana taɓa ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya.

Na ciro kyamara, na ce, "Baba, ko a hakan in ɗauka? Ga ƙusoshin, ga tabon mai, ga Papa Jozef shaida. Wannan karon ba mai taɓa shi, na rantse."

Ya ce, "Mayar da ita jaka, ɗana. Tsoho a tsaye a fili, wa zai ga saƙa a nan?"

Na mayar. Papa Jozef ya tambaye ni nasa hoton, sai Baba ne ya gaya masa da Sango. Ya gyaɗa kai kawai, ya raka mu bakin titi.

Muna isa gida wayar Baba ta yi ƙara, ya miƙo min in danna masa. Hajara ce, direba ya kai saƙo. Muryarta cike da murna, ina ji daga inda nake. Ta ce Baba ka yi kyau, ka yi ƙiba, hankalina ya kwanta, na rataye shi a ɗaki, maƙwabta sai shigowa suke yi suna kallo. Ta ce a gode wa mai hoton. Kun ga ta nan Patron bai yi ƙarya ba, ya san mutanensa. Baba yana ta cewa madalla, madalla. Sai ta ce ga jikanka yana son magana.

Yaron ya gaishe shi, sannan ya ce, "Kaka, wurin nan mai fure, nan ne garinmu?"

Baba ya gyara riƙon wayar. Ya ce, "A'a, jikana. Ni ma ban san wurin ba. Ban taɓa zuwa ba."

Da na koma na gaya wa Patron abin da na gani da abin da na ji. Ya rufe kwamfuta, ya sa hula, ya ce in raka shi. Ya durƙusa gaban Baba, babban mutum da shi, ya nemi gafara. Baba ya ce, "Tashi, Alhaji. Alheri ka nufe ni da shi, na sani. Sai dai ba ka tambaye ni ba." Patron ya ce a ba shi dama, zai nemo hoton injin saƙa irin wancan ya sa a bayansa, ba wanda zai gane. Baba ya ce shi zai gane, kuma ya gaji da tsayawa a wuraren da bai sani ba. Daga ranar ne Patron ya sassauta dokarsa, ɗanyen hoto ya fara kwana a shagon nan har sai mai shi ya gani ya ce a goge. Dokar da kuka tarar ke nan, kuna ƙorafin tana cika muku kwamfuta.

Baba Garba bai ga wata daminar ba. Hajara ba ta samu zuwa jana'iza ba, hanya ba ta da kyau a lokacin.

Abin da na koya shi ne, mu masu hoto a unguwar nan ba mugaye ba ne, son mutane ne ya yi mana yawa har muke yanke musu hukunci. Mun saba da mutanen da suka sha wuya suna so a nuna su cikin jin daɗi, har muka ɗauka kowa haka yake, kuma duk abin da ya tsufa ko ya karye abin kunya ne a rufe. Galibi muna da gaskiya. Amma wani ba kyau ya zo nema ba, shaida ya zo nema, kuma abin da hannunka ke ƙaiƙayin gogewa shi ne ya kawo shi. Don haka in mutum ya ce muku a bar shi yadda yake, ku cire hannu daga kwamfuta ku tambaye shi dalili, ku saurara har ya gama. Bangon laka, tabo a fuska, tsohuwar riga, ba ku san me suke riƙe da shi ba.

Raina yana ɓaci har yau in na tuna, don na ga hoton gaskiyar da idona a bayan kyamara, bayan ni sai Patron ne ya gan shi, kuma ba ni da yadda zan nuna wa kowa. Wanda ya rage shi ne na bangon Hajara. Na ji an ce jikokin sun girma, kowa ya ɗauke shi a wayarsa, kakansu mai yatsu goma a cikin lambu. In aka tambaye su aikin da ya yi a duniya, ban san me suke cewa ba.